Kek Ɗin Kaka a Bakin Teku

Máncora, Peru, Litinin

Zuwa ga Madrina Eduviges,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Tunda kin ce saƙon waya ba wasiƙa ba ne, na rubuta wannan da hannu na ɗauki hotonta na turo miki.

Kowa a Oruro yana zaton wanda ya koma bakin teku ya huta. Ni ma da wannan zaton na bar Bolibiya. Turawan da suka cika garin nan su kam sun huta, daga wanka a teku sai shan kofi. Wata cikinsu, Señora Marieke, ta ɗauke ni gwaji a shagonta na kek zuwa ranar Asabar.

Madrina, hannuna ya mutu. Sau biyu na yi kek ɗin lemo na Kaka Fortunata, wanda nake yi tun ina shekara goma sha biyu, ban canza ko cokali ɗaya ba. Ya fito a danƙare. Wilmer mai gasa burodi ya ɗaga shi ya ce, "'Yar kan dutse, kek ne wannan ko tubali? Kawo a ba masunta su ɗaure kwalekwale."

Señora ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, "Saura sau ɗaya, Zulema."

In Asabar ta ƙi, zan hau mota in dawo gida. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

'Yarki ta baftisma,
Zulema

Oruro, Laraba

'Yata Zulema,

Na amsa gaisuwarki, kuma bakina a rufe yake wajen mamanki.

Hannunki lafiyarsa ƙalau. Laifinki ɗaya, ranar da na koyar da nauyin iska kina bayan aji kina kitsa wa Nélida gashi.

Saurara. Mu nan muna sama da teku da fiye da mita dubu uku da ɗari bakwai. Iskarmu ba ta da nauyi, ba ta danne kwaɓi, don haka hodar tashin kwaɓi kaɗan ke ɗaga kek. Ruwa kuma yana saurin ƙafewa, shi ya sa muke ƙara madara. Ke yanzu kina ƙasa, duk iskar nan tana zaune a kan kwanonki. Ba ki lura dankali yana saurin nuna a can ba?

Ga abin da ba ki sani ba. Kakarki 'yar Santa Cruz ce, ƙasar kwari da zafi, aiki ne ya kawo su nan ita da kakanki. Shekarar farko duk kek ɗin da ta yi sai ya kumbura kamar zai fasa tanda, sannan ya faɗa. Uwata maƙwabciyarta ce, a kicin ɗinmu kakarki ta zauna tana kuka. Wata shida tana rage hoda har ta samu daidai. Ma'aunin da kike riƙe da shi kamar Littafi Mai Tsarki, gyaran baƙuwa ne a garin da ba nata ba.

To ki yi naki gyaran. Kwaɓa ƙanana uku, ki ƙara hoda a hankali har ki ninka ta a na ukun, ki rage madara da cokali uku, ki ɗan sassauta wuta. Rubuta abin da kowanne ya yi. Shi kuma Wilmer, ki ba shi na farkon ya ci.

Allah ya yi miki albarka.

Madrinarki,
Eduviges

Máncora, Lahadi

Madrina,

Ina gaishe ki. Na ukun ya tashi.

Señora ta ci yanka biyu a tsaye, sannan ta miƙo mini makullin shago ta ce, "Ƙarfe biyar na asuba. Guda shida nake so." Wilmer ya laƙume gefen kek ɗin ya ce, "Ba laifi, ga wadda ba ta iya iyo ba."

Yanzu ki gaya wa Mama.

Na rubuta sabon ma'aunin a bayan takardar nan, ga hotonsa shi ma. Ki kai shi aji ki gasa da yara yadda yake, su ga abin da zai yi a Oruro. Wadda ke kitso a baya, ita za ki sa ta buɗe tandar.

Taki har kullum,
Zulema