Maigidana Ya Mai da Kicin Ɗina Tashar Mota

Anti, don Allah ki agaje ni, kaina ya ɗaure.

Maigidana direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Da na ce kicin ɗina ya tsufa, sai ya ce in bar masa, ko ƙusa ba zai saya ba. Na ɗauka wasa yake. Yanzu ƙofar kicin ɗina ta tsohuwar bas ce, da hannu biyu ake jan ta, idan ta maƙale sai dai in miƙo abinci ta taga kamar mai sayar da tikiti. Fankar fitar da hayaƙi kuwa ta injin mota ce. Ranar da ya fara kunna ta, ta fizge ɗankwalina ta jefa gidan maƙwabta.

Durowar kayan miya daga wani kemis da aka rushe ya kwaso ta, kowane aljihu da rubutunsa. Gishiri na cikin na ciwon kai, barkono na cikin na basir. Surukata ta buɗe, ta dube ni da tausayi, tun ranar take aiko mini da saiwoyi.

Amma Anti, tunda ya bar tuƙi ban ga haƙoransa ba sai yanzu. Jiya ma ya shigo da sitiyari yana fito, ni tsoron tambaya nake. Yaya zan yi?

Taki,
Mai girki a tasha

'Yar'uwa, na yi dariya, amma na ji ki.

Mijinki ba marowaci ba ne, hannunsa ne ke ƙaiƙayi, kuma tsohon kaya yakan fi sabo ƙarko. Sai dai ke ce mai tsayuwa gaban wuta. Ƙofar da ke maƙalewa a wurin da ake kunna gas ba abin wasa ba ce, a cire ta yau. Fankar ma mai gyaran lantarki ya duba ta. Durowa kuwa ki wanke ta tas, ki shafe rubutun da fenti, ki kai surukarki ta gani da idonta.

Kada ki kushe masa aiki. Ki yaba, ki ce gwanin da ya ƙera kicin shi ya cancanci ya gwada shi, ki sakar masa girki na mako guda. Kafin miyar farko ta nuna, da kansa zai ɗauko guduma.

Allah ya bar ku tare, ya kuma sa kada ya ji labarin inda ake gwanjon tsohon jirgi.