Wasan Taubasai Ya Zubar da Jini Kafin Tafiyarmu Wadi Disa

Assalamu alaikum Khala Ummulkhairi. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na gaya wa wannan magana a dangi wata fitinar zai ƙara.

Ni haifaffiyar Makka ce, muna zaune a Ka'akiyya. Mahaifiyarmu Hajiya ta tsufa, ƙafa ta fara gazawa. Tun bara take cewa tana so ta ga 'ya'yanta da jikokinta wuri guda, inda babu mai zamewa ya ce aiki na jiransa. Ni da karambanina na ɗauki nauyin shirin. Na kama mana ɗakunan baƙi a Wadi Disa, can wajen Tabuk, wani kwari mai zurfi tsakanin jajayen duwatsu, ga ruwa ga dabino. Yini guda cur ake yi a mota. Mai masaukin bai ɓoye min ba, ya ce idan an shige ciki waya ba ta kamawa, asibiti kuma da nisa. Har murna na yi, na ce yawwa, yaran nan za su ɗaga kai daga jawwal, wato wayar hannu, su ga fuskar kakarsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru gidan yayana Mukhtaru don a raba ɗakuna da motoci. Yaya yana da ɗa, Munzali, wanda ya tashi a Kano wajen uwarsa bayan sun rabu. Bai daɗe da dawowa ba, yana tsaron shagon uban a unguwar Kudai. Yaro ne mai barkwanci, bakinsa ba ya shiru. Nawa ɗan kuwa, Rakan, a nan aka haife shi, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Da ɗakunan samari suka kasa, sai na haɗa su ɗaki ɗaya.

Munzali ya ƙyalƙyale da dariya ya ce madalla, an haɗa shi da bawansa, ya samu mai ɗaukar masa jaka. Mu manya muka yi dariya, don mun san wasan taubasai ne: a gidanmu ɗan namiji yakan kira ɗan mace bawa, a yi raha a wuce. Rakan ya ga ana dariya ana kallonsa, ya tambaya da Larabci me aka ce. Ina ma na riga Munzali buɗe baki! Da Larabcinsa na makaranta ya nuna shi da yatsa, ya fassara masa kalmar yadda take: "abdi".

Khala, kin san abin da kalmar nan take nufi ga baƙin yaro da ya tashi a ƙasar nan. Da ita ake jifansa tun yana firamare. Sau nawa ya dawo min gida da yagaggen thobe, doguwar rigarsa, saboda ita.

Kafin in ƙifta ido Rakan ya suri dalla, butar gahawa, da zafinta ya maka wa Munzali a baki. Haƙoran gaba suka zubo kan darduma. Bai tsaya nan ba, ya haye kansa ya shaƙe shi yana buga ƙeyarsa da ƙasa. Yaya Mukhtaru ya zare igal, baƙar igiyar ɗaure mayafin kai, daga kansa ya dinga tsula wa Rakan a fuska, mijina Dauda ya ci kwalar yayana ya haɗa shi da bango. Na shiga rabo, gwiwar hannun wani ta same ni a ido, har yau da niƙabi nake zama a cikin gida. Jini har cikin farantin dabino. Sai da maƙwabta suka shigo aka ɓamɓare su.

An ɗinke wa Munzali leɓe a mustashfa, wato asibiti. Na ɗauka khalas, an huce. Ina! Ba a jima ba aka wayi gari an ragargaza gilashin motar Rakan, ga tubalin a kan kujera. Shi kuma ya ɗauki rodi ya nufi Kudai, masu shagunan kusa suka riƙe shi. Jiya ina haɗa kaya na tarar da sabuwar wuƙa a jakar tafiyarsa. Ya ce ta yankan nama ce. Ni na haife shi, Khala, idonsa ba haka ya ce ba. Na kasa gaya wa ubansa.

Hajiya ba ta san komai ba. Tana sama tana lazimi aka yi abin, aka ce mata gardamar ƙwallo ce. Ta ɗinka sabuwar abaya, kullum tambayarta yaushe za a tashi. Yaya ya ce ba fashi, kuma ƙafarsa ƙafar ɗansa. Mijina ya ce idan aka bar Rakan a gida an nuna shi ne mai laifi. Wallahi haushin kowa nake ji, har ni kaina. In na soke tafiyar na karya zuciyar uwata, wataƙila ba za ta ga wata ba. In na kwashe su muka shiga kwarin nan, ina tsoron a dawo min da gawa, ko ta ɗana ko ta ɗan yayana. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki mai kumburarren ido, Ka'akiyya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya yayyafa wa wannan fitina ruwan sanyi.

Wuƙa tukuna. Yau ɗin nan ki cire ta daga jakar, ki ajiye gaban Dauda, ki gaya masa har zancen rodi. Wannan ba tonon asirin ɗa ba ne, ceton sa ne. Idan barazanar ta ci gaba bayan manya sun sa baki, kada kunyar dangi ta hana ku neman hukuma.

Munzali ba zagi ya yi ba. A inda ya tashi, taubashin da kake so shi kake tsokana, wasan nan hannun zumunci ne ya miƙa. Kuskurensa shi ne ya ɗauko kalmar daga Hausa ya ajiye ta cikin Larabci, inda ba ta da wasa ko kaɗan. Rakan ma ba hauka ya yi haka kawai ba, tsohon ciwo aka taɓa, a gaban iyayensa, suna dariya. Amma ciwo ba ya halatta zubar wa mutum haƙora, kamar yadda haƙora ba sa halatta fasa mota. Babban laifin kuwa na manya ne. Kun raini ɗaya bai san al'adarku ba, kun karɓi ɗaya ba ku gaya masa kalmomin da ba a faɗa a Makka ba, sannan iyaye maza suka shiga dambe maimakon rabo.

Ki ɗage tafiyar. Ban ce ki soke ba. Ki kira mai masaukin ki nemi a matsar muku da ranar. Wurin da babu waya babu asibiti ba wurin sulhu ba ne, a gida ake gama sulhu sannan a ɗauki hanya. Dauda da Mukhtaru su fara shiryawa, don yara ba za su sauko ba iyayensu na hararar juna. Daga nan Dauda ya kai Rakan ya duba ɗan'uwansa, ya ba shi haƙuri, ya tsaya a gyara haƙoran. Munzali ya amsa laifin motar, kuma ya ji daga bakin Rakan irin abin da kalmar nan ta yi masa tun yana ƙarami. In sun iya cin abinci kwano ɗaya, ku gwada fita ta yini ɗaya zuwa Ɗa'if, nan kusa da Makka, ku gani. In ya yi kyau, sai a koma maganar kwari, kowa da motarsa, kowa da ɗakinsa.

Sai abin da kike gudu: ki gaya wa Hajiya gaskiya. Ita ta haifi uwar wannan da uban wancan, ita kaɗai ce za ta zaunar da su ta bayyana wa Rakan wasan taubasai da harshen da yake ji, ta kuma hana Munzali sake fassara shi. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi da ke don kin ɓoye mata. Ki jure. Gara ta yi fushi da ke a falonta da ta zauna karɓar gaisuwar jikanta a cikinsa.

Allah ya ba idonki lafiya, ya shirya yaran nan, ya ja kwanan Hajiya har ta ga kwarin da jikokinta duka a gefenta.

Khala Ummulkhairi