Fentin da Ruwa Ba Ya Wankewa

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau. Har yanzu fentin gine-gine nake yi. Warin ya ɗan taɓa mini ƙirji, amma tari ne kawai, kada ki gaya wa Inna.

Saƙonki ya iso. Wai mai gidan da kuke haya ya kama 'yarki Auta tana zana tsuntsu da gawayi a bango, ya sa ta goge da ɗankwalinta a gaban yara. Ashe tsohon nan bai canja ba! Kin tuna motar da na zana ina ƙarami? Da rigar makarantata ya sa na goge, ita kaɗai gare ni. Har da cewa, “Ɗan talaka da zane!”

To, ga fenti gwangwani shida da burushi goma na ba direba ya kawo miki. Fentin mai ne, ko sabulu ba ya fitar da shi. Na yi waya da telan layinku, ya ba mu bangon shagonsa, wanda ke kallon tagar tsohon. Ki tara yaran layin duka. Auta ce za ta fara, ta yi tsuntsunta ƙato. A zana mini motata a gefe.

In ya fito yana kumfar baki, ki gaishe shi da ladabi, ki miƙa masa ɗankwalin nan. Ki ce ɗan talaka ya ce bismillah.

Allah ya raya mana su.

Ƙaninki