Fistin Na Bakwai

Maman Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba, kuma ba ki yi asara ba. Kina da rai ma, rubutuna sai kin sa tabarau kin haɗa da addu'a.

Ina nan ƙasar waje, unguwar Wangsa Maju, wurin 'yarki Rahila, bene hawa na sha huɗu. Na koyi cewa boleh, wato zai yiwu, da tapau, wato a ƙunshe mini, da su nake cin abinci. Na shiga mawaƙan cocinmu a Brickfields, sun roƙe ni in riƙa motsa baki kawai.

Ga labari. Rahila ta haɗa inji, ba irin waɗanda na yi ta fama da su a Panteka ba. Silinda takwas, kowace sai ki zura dunƙulen hannu ciki. Na a-kori-kura ne, ta gasar ja. Ana ɗaura wa motar wata tirela mai nauyin da ke ƙaruwa, ta yi ta ja har ta kasa, sai a auna inda ta kasa. Wato wahalar jaki ce aka sa wa kofi. Ba a yin gasar a nan. Wasu 'yan Ostireliya ne suka ba ta aikin, suka ce in injin ya yi kyau a turo shi ta jirgin ruwa, ita ma ta biyo shi, ta zauna can.

Duk Asabar ina raka ta gareji bayan Danau Kota, in riƙe fitila, in wanke notuna. Ita mai digiri ce, sifanarta ma lamba gare ta. Ni kin san a aji biyar na sallami malamai. Amma ranar da za ta rufe kan injin, na ga fistin na bakwai ya juya baya. Ɗigon da ke kansa yana kallon baya, wajen giyar mota, na sauran suna kallon gaba. In aka tayar da shi haka, bawul zai sare shi, aikin wata takwas ya watse, Ostireliya kuma ta bi ruwa.

Na yi shiru, Saratu. Da hannuna na miƙa mata gaskit ta rufe kan. Muka je mamak, shagon abincinsu, na ci gurasar roti biyu. Wa zai ɗora wa tsoho mai riƙe fitila laifi? Na ce a raina, in ya watse za ta yi kukan mako biyu, ta haƙura, ta zauna kusa da ni.

Ba yau na fara ba. Takardar kiran da makarantar jinya ta aiko miki shekarar aurenmu, ba a hanya ta ɓata ba. A akwatin sifanuna ta zauna har baƙin mai ya cinye ta. Shekara talatin kina tsine wa mai kawo wasiƙa, ina cewa amin. Kin sani kika ƙyale ni? Ko da gaske kin yarda da ni?

Kwana huɗu na yi da abin a ciki. Ranar da za a tayar da injin, na tambaye ta cikin wasa ko na bakwai ɗin fasto ne, tunda shi kaɗai yake fuskantar jama'a. Ba ta yi dariya ba. Ta kwance injin, ta gani, ta juya shi. Da ya tashi, ɗan Sin ɗin mai garejin sai da ya toshe kunne. Bayan Kirsimeti za ta tafi, ni kuma Kaduna.

Yarinyar ba wawuya ba ce, ta san ranar da aka rufe kan injin, ta kuma san wanda ya riƙe fitila. Jiya, ita da kullum Turanci take mayar mini, ta tambaye ni da Hausa ko na taɓa yi miki irin wannan. Na ce sai na fara gaya wa mai abin.

To, na gaya miki. Gobe ita.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Danladi bakanike