Ƙasar Gindin Turkena Ba Ita Ce Ƙasar Garinmu Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabon Takin Zamani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lahiya kai da iyali. Sunana Malam Garba Ɗandawa, manomi daga wani ƙauye gab da Rawayya. In ka tambayi wa ya hi kowa dawa tsakanin nan da Bungudu, ko wanda bai sona zai nuna maka gidana. Rubutuna sai haƙuri, aji huɗu na tsaya, amma maganar da ke ciki bata da gyara.

Na ɗaya. Bara kamin ruwa ya sauka, malamai ukku sunka zo daga Gusau da wani ƙarhe mai huda ƙasa da 'yan ledoji. Sunka ce binciken kimiyya suke, za su auna ƙarhin ƙasarmu don gwamnati ta san inda za ta kai taki. Mai gari ya haɗa su da ni, tunda ni ne mai baki. Shugabansu, wani Dakta mai gilashi, sai duban agogo yake, wai suna son kai Tsafe kamin la'asar. Sunka ce in kai su gona mahi kusa.

Na biyu. Laihina zan hwaɗa da bakina, bani tsoro. Na kai su gonata ta bayan gida, daidai inda shanun huɗata biyu ke ɗaure shekara da shekaru. Baƙi sun zo daga birni, in nuna musu rairayi? Na nuna musu inda ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Sunka huda wuri ukku, duk tsakanin turke da turke. Daktan ya murza ƙasar, ya gyaɗa kai, ya rubuta, ni kuwa ina ta washe baki. Amma ranka ya daɗe, su sunka yi karatun kimiyya ba ni ba. Kashin shanu na nan a hili, har takalmin ɗayansu ya kwasa. Ba wanda ya tambaye ni ko haka sauran gonaki suke.

Na ukku. Bana da anka kafa sunayen garuruwan da za a ba taki, namu babu. Na hau mashin har ohishinku. Akawunku ya buɗe taswira kala-kala ya nuna min garinmu kore shar, wai rahoton masana ya ce ƙasarmu bata buƙatar taki, kuma kwamiti baya tsallake rahoton masana. Na gaya mai wanga kore aikin shanuna ne. Ya sha dariya, ya ce shi ba shi da ikon canza kala.

Na huɗu. Gonakinmu jigawa ne, sun gaji, ƙuduji mai kashe dawa da gero ya cika su. Inna Hajara da ke iyaka da ni, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da riƙon gida, da takinku take samun geron da zai kai ta kaka. Yanzu in na gaishe ta sai ta kau da kai. A majalisa kuma an laƙaba min Farfesan Turke. Sunan yayi min daɗi, bazan ɓoye ba, amma ba zai sa geron Inna ya yi zangarniya ba.

Ni bani faɗa da kimiyya. Irin nan mai saurin nuna da masana sunka kawo, ni na fara shuka shi a garinmu ana min dariya. Abin da ban yarda dashi ba, leda ukku ta yanke wa gari guda hukunci, sannan a ce an rubuta an gama.

Don haka inaso ku maido masanan kamin a yi shuka. Su ɗebi ƙasa gabas da yamma, kudu da arewa, kuma kar a sake basu ni a matsayin ɗan jagora, na san halina. Kamin sakamako ya hito, ku maida sunan garinmu cikin rabo. In shuka ta kama ba mu gansu ba, zan bi gona-gona in cika buhuna da ƙasa, in juye su a ƙohwar ohishinku, ku auna a nan cikin inuwa.

Allah ya ƙara maka lahiya da adalci, ya sa ka gama wanga aiki da mutunci.

Wassalam, naka da ba zai yi shiru ba,
Malam Garba Ɗandawa