Na sa zaren inji a likkafanin Inna

Salamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Ku taimaka min da shawara don Allah.

Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Korgom. Bara aka kawo wa ƙungiyarmu ta mata injin kaɗi mai aiki da hasken rana, pano biyu, wato faifan sola, a kan rufin ɗaki, zaren da za ki kwana bakwai kina murzawa da mazari kafin la'asar ya fito. Da shi nake ci da yarana. Uwar mijina kuwa, Inna, ko kallonsa ba ta yi, wai zaren da bai sha yawu da alli ba ai ba zare ba ne.

To Inna ta daɗe tana kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, da audugar bayan gidanta, kamar yadda uwarta ta yi. Amma hannu ya fara rawa, ido ya yi hazo, zaren nan wani wuri kauri wani wuri kamar gashi. Da ta aike ni in kai wa masaƙi a Tasawa, yana ja yana tsinkewa, ya ce shi ba zai iya ɗora wannan ba. Wallahi na kasa komawa in faɗa mata. Na kwashi sauran audugarta na kaɗa a inji, na kai masa, ya saƙa.

Ranar da na kawo mata likkafanin, ta shafa, ta sake shafawa, sai hawaye. Ta ce ashe hannunta bai mutu ba. Yanzu duk wadda ta shigo sai ta fito da shi, har 'yan ƙungiyarmu take yi wa gori, su kuma sun san zaren injinsu, suna kallona ƙasa-ƙasa. Tsoro nake wata ta riga ni faɗa.

Shekaranjiya ta kira ni ta damƙa min shi. Ta ce, "Ɗiyata, ke na yarda da ke, ke za ki sa mani shi."

In faɗa mata, na kashe mata abin da ya rage tana taƙama da shi. In yi shiru, da hannuna zan naɗe ta a cikin ƙaryata. Ku da kuna matsayina, ya za ku yi?