Haƙorin Makkan Hajiya Batulu

Alhamis, 1 ga Maris, 2012
Bakwai da rabi na buɗe ɗakin duba haƙori kamar kullum. Na kunna tukunyar dafa kayan aiki, na goge kujera, na jera tire shida: madubin baki, ƙarfen kankare dauɗa, auduga, safar hannu. Sannan na karanta katunan. Ta uku Hajiya Batulu, mai atamfa a kasuwar Gudu, wankin haƙori kawai. Ina dubawa sai ga dasashi ya kumbura a gindin haƙorin Makkanta, har da mugunya. Na ce, "Hajiya, wannan ya ruɓe ta ciki, cirewa za a yi a yar." Ta rufe baki da gefen mayafi. Dokta Kure ya ce ta dawo Alhamis. Gaskiya na faɗa, to mene ne?

Alhamis, 8 ga Maris
Na jera tirenta. Ba ta zo ba.

Juma'a, 9 ga Maris
Margaret mai karɓar marasa lafiya ta ce da gurguwar Hausarta, "Murja, kai ne ya kori patient. Bakinka ya fi allura." Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai. Irin wannan kumburin ba ya jira, in ya gangara wuya sai kwanciya a asibiti. Sau huɗu ina kiran lambarta, a kashe.

Alhamis, 15 ga Maris
Na sake jerawa. Dokta ya ce in daina ɓata dafaffen kaya kan wadda ba ta zuwa. Na kasa zama, kowane motsin ƙofa sai na leƙa, ga ƙarar ginin benen da ke gefenmu ta ishe ni. Har na dafa tire ɗaya sau biyu don mantuwa.

Asabar, 17 ga Maris
Wai labule na je nema Gudu. Layin 'yan atamfa na nufa kai tsaye. Na same ta kunci ya haye, ta cusa kanumfari a wurin. Ba ta yi min faɗa ba, har kujera ta ba ni.
"'Yata, tare da Alhaji muka sa, shago ɗaya, rana ɗaya. Nasa yana ƙasa tare da shi. Ke kuma kika ce a yar."
Kunya ta rufe ni. Shekara tara ina wannan aiki, ban taɓa tambayar inda abin da muka cire yake zuwa ba, bayan ni nake zubarwa. Na ce, "Ba za a yar ba, Mama."

Talata, 20 ga Maris
Ta zo. Tun da safe na wanke wata 'yar kwalba na dafa tare da kaya. Dokta ya cire, ya ce da ta ƙara sati da labari ya sha bamban. Na ɓamɓare zinaren, na wanke shi tas, na saka mata a kwalbar. Ta ƙulle a bakin zani. Da auduga a bakinta ta sa min albarka, rabi ma ban ji ba.

Laraba, 28 ga Maris
Tire shida yau ma. Na biyu wani direba daga Idu, katinsa ya ce haƙorin Makka, yana girgiɗi. Margaret ta leƙo ta ga kwalba kusa da madubin baki, ta ɗaga gira. Na ce mata wurin ne ya yi fili a tiren. Da ya zauna kuma, kafin in ce ya buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa wace shekara ya je.